Gawon Filin Idi

Akwai wata magana da kuka taso kuna ji a kan kakanku. Na san kuna jinta, don ranar sunan ɗan Hadiza na ji wata tsohuwa daga dangin Inna tana maimaita ta a tsakar gida, tana rage murya kamar mai tallar kayan sata. Wai an tuɓe Malam daga limanci ne saboda ya sa Kirista a sahun salla. Fiye da shekara hamsin ina jin wannan magana ina sunkuyar da kai. Yanzu idona ya yi rauni, zare ba ya shiga allura sai an zura mini, to bari in rubuta muku yadda abin ya faru tun hannuna yana iya riƙe alƙalami. Rabin maganar gaskiya ce. An tuɓe shi, kuma Kirista ya zauna a sahu. Amma ba Malam ne ya sa shi ba.

Garinmu ɗan ƙauye ne a gefen Barkiya, cikin ƙasar Kurfi, kuma limancinsa a gidanmu yake tun kakan Malam. Shi Malam gajeren mutum ne mai saurin tafiya, mai tambayar tsiya. In Bafulatani ya zo da nono sai ya tsare shi da tambayar sunayen ciyayi har nonon ya kusa tsami. Ni kuwa ban gaji kansa ba. Na sauke Alƙur'ani da ƙyar, da aka shiga littattafan fiƙihu sai barci ya zama abokina. Da ya ga hannuna ya fi kaina aiki, sai ya ɗauke ni a bayan kekensa ya kai ni Dutsin-Ma, ya danƙa ni ga telan da ya fi kowa iya yanka a bakin kasuwa. Sunansa Ishaya, mutumin kudancin Zariya, Kirista, tsohon soja. A soja ya koyi ɗinki zamanin yaƙi, kuma har ya tsufa in ya miƙe tsaye sai ka ce an kira shi fareti. Da mutanen garinmu suka fara cewa Liman ya kai ɗansa gidan Nasara, amsar Malam guda ce.

"Ɗinki na kai shi koyo. Salla tun gida ya iya ta."

Shekara shida na yi a shagon nan, har na yi aure na auri mahaifiyarku, na sayi keken ɗinkina na ajiye kusa da nasa. Maigida nake kiransa, shi kuma ya ce mini ɗan Liman. In azahar ta yi ina tsakiyar aiki, shi ke karɓe almakashi daga hannuna ya nuna mini buta. Amma abin da na fi kewa a duk shekarun nan shi ne ranar kasuwa. Malam zai iso da hantsi, ya jingine keke, ya zauna a kan bencin rumfa, Ishaya ya aika a sayo fura, sai a buɗe hira. Kuma hirar ba ta wuce abu guda: Allah. Abin da ya fara ɗaure wa Malam kai shi ne jin Ishaya yana addu'a da Hausa yana cewa Allah, yana kiran Ibrahim da Musa da Dauda kamar maƙwabtansa. Su biyun babu wanda ya taɓa sa ran juya ɗan'uwansa. Daɗin tambayar kawai suke ji.

Ishaya ya ga Yahudawa da idonsa, lokacin da aka kai su ƙasashen gabas. Wannan ya girgiza gidanmu, don Inna ta ɗauka Yahudawa sun ƙare tun zamanin Fir'auna. Ya ce ya zauna da wani tsohon tela Bayahude wanda ba ya taɓa allura ranar Asabar, ba ya cin alade, kuma akwai wani suna na Allah da ba su furtawa sam saboda tsoron girmansa, in sun zo kansa a karatu sai su ce Ubangiji su wuce. Malam ya sa an maimaita masa wannan labari ya fi sau goma.

"Ba su hwaɗinshi ko a salla?"

"Ko a salla, Liman."

"To waɗannan sun san Wanda suke magana da Shi."

Inda suke rabuwa kuwa, ba su ɓoye wa juna. Ishaya yana ganin sanin Allah girma ya yi ta yi a zukatan mutane. Da farko Isra'ilawa sun san Shi a matsayin Wanda ya fitar da su daga Masar ya ƙulla alkawari da su, ya ba su shari'a. Daga baya annabawansu suka yi ta gaya musu cewa ba nasu ba ne su kaɗai, na dukan duniya ne. Sannan Almasihu ya zo ya matso da Shi kusa, har mutum ya iya kiransa Uba. Wata rana yana riƙe da rigar wani yaro da aka kawo a buɗe mata gefe, sai ya ɗaga ta.

"Kamar wannan ne, Liman. Yaro yana girma, ana sake masa riga."

Malam ya karɓi rigar ya jujjuya ta.

"A'a, Ishaya. Yadin ɗaya ne tun Annabi Ibrahim, ba a ƙara mashi ko taƙi ba. Mutane ne sunka yi ta maho bisa maho. Aka aiko Annabinmu ya ɓanɓare mahon, ya ce Shi kaɗai ne, bai haihu ba, ba a haife Shi ba, kuma Ubangijin kowa ne. Maganar ɗa, nan ni da kai munka rabu hanya."

"Mun rabu, Liman. Ga furarka tana jira."

Haka suke ƙarewa kullum. Ni ina taka keke ina saurare, kuma abin da na fahimta a lokacin shi ne, su biyun nan, da Bayahuden da ban taɓa gani ba, duk gida ɗaya suke nunawa da yatsa, gardamar a kan kamannin Mai gidan ce. Har yau da na tsufa na ɗan leƙa littattafai, ban samu abin da ya fi wannan ba. Ni Musulmi ne, a kan maganar Malam nake, a kanta nake fatan cikawa. Amma ban taɓa iya jin an ce Ishaya bai san Allah ba in yi shiru a zuciyata.

Malam ya ba Ishaya aron wata 'yar gona a bayan gidanmu. Duk Asabar da damina yakan hau keke ya zo ya yi noma, Inna ta aika masa da tuwo a akushi na musamman da ta ware masa. To, shekara biyu ko uku bayan samun mulkin kai, ruwa ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Kwana ashirin da wani abu babu ko ɗigo. Ganye ya nannaɗe, ƙasa ta yi fari, mata suka fara auna hatsin rumbu da ido. Mai gari ya kira Malam aka tsayar da ranar roƙon ruwa, aka ce a yi azumin kwana uku, a yi sadaka, wanda ke gaba da wani ya shirya da shi.

Ranar kasuwar da ta zo kafin nan, Ishaya ya gaya wa Malam cewa su ma 'yan majami'arsu, ma'aikatan asibiti da na hanya, za su yi tasu addu'ar ranar Lahadi. Sai ya tambaya, cikin jin nauyi, ko shi da yake da gona a garinmu zai iya zuwa tamu. Malam bai ko yi dogon tunani ba, don abin yana cikin littafin da nake barci a kansa.

"Ba a hana ku hita roƙon ruwa. Ku ma bayinShi ne, ku ma kuna cin abinci. Sharaɗi biyu ne. Rana ɗaya da mu, amma ka tsaya gehe, ba cikin sahu ba."

"Me ya sa rana ɗaya?"

"Don kada a yi ruwa ran da kunka hita ku kaɗai, masu raunin zuciya su rikice."

Ishaya ya yi dariya har ya saki almakashi.

"Ashe malamanku sun san za a iya ba mu."

"Shina ba wanda ya roƙa, shina ba wanda bai roƙa ba. Jakina bai taɓa roƙo ba, kuma shina sha."

Ranar ta zo. Muka fita filin Idi da hantsi cikin tsofaffin riguna, ba turare ba ado, tsofaffi da yara har da awaki. A gefen filin akwai wani babban gawo, nan Malam ya nuna wa Ishaya ya tsaya. Ku da kuka tashi a birni ba ku san halin gawo ba: da damina yake kaɗe ganyensa, da rani ya yi kore. Saboda haka a ranar ba shi da inuwa ko ta tsuntsu, sai ƙaya da rassa. Aka yi raka'a biyu, Malam ya juyo ya fuskanci jama'a ya fara huɗuba, kowa ya zauna a ƙasa. Ni ina ƙarshen sahun baya. Na waiga na ga Maigida tsaye shi kaɗai cikin tsohon kakinsa na soja, hula a hannu, kai a sunkuye, wasu yara sun kewaye shi daga nesa suna nuna shi suna ƙyalƙyala dariya. Mutumin da ya ciyar da ni shekara shida, wanda yake miƙa mini buta. Zuciyata ta ƙuna. Na tashi a hankali na je na kama hannunsa.

"Maigida, an gama salla, addu'a ta rage. Taho ka zauna."

"Liman ya ce nan zan tsaya."

"Shi ya ce in kira ka."

Wannan ita ce ƙaryar. Kalma shida ce, ban ma san lokacin da ta fito ba. Ishaya soja ne, in an ce babba ya yi umarni ba ya tambaya. Ya biyo ni ya zauna a gefena, kafaɗa da kafaɗa da mutanen sahu. Da Malam ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, jama'a suka tuɓe riguna suka mayar da cikinsu waje kamar yadda aka saba, don nuna fatan Allah ya juya mana halin da muke ciki, shi ma ya tuɓe kakinsa ya juya. Muka ɗaga hannu, ya ɗaga. Da ya gama tasa addu'ar ya rufe da sunan Almasihu, a hankali ƙwarai, amma na kusa sun ji. Cikin na kusan akwai Malam Ila, ladanin masallacinmu, kuma ya ji abin da na faɗa a gindin gawo.

Da an yi ruwa a daren, da maganar ta bi ruwa. Ba a yi ba. Kwana takwas sama tana nan fes, gero yana faɗuwa kwance. Ba na ganin laifin mutanen garinmu yanzu. Mai kallon abincin 'ya'yansa yana ƙonewa dole ya nemi dalili, kuma ga dalili an gani da ido. Ran na tara aka taru a zauren mai gari bayan la'asar. Ina tsaye a bakin ƙofa cikin samari. Malam Ila ba mugu ba ne, mutum ne mai tsoron Allah, shi ne ya fara magana.

"Malam, ba mu ce kada baƙonka ya hito ba, mun san hukuncin. Amma an kira wani suna cikin sahunmu, ran da muke roƙon Wanda ba Shi da abokin tarayya. Na ji da kunnena an ce kai ka aika a kira shi. Kai ka aika?"

Malam bai taɓa ƙarya ba a sanina. In ya ce a'a, ya tabbatar a gaban gari cewa ɗansa, wanda dama ake raɗe-raɗin ya sha ruwan Nasara, ya yi masa ƙarya a filin roƙo saboda Kirista. Bai ko dubi inda nake ba.

"Baƙona ne, ni na gayyato shi. Abin da ya hwaru a hilin nan duka bisa wuyana yake."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, amma ba abin da ya fito. Mai gari ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce Malam ya ɗan huta, Malam Ila ya riƙe masallaci kafin hankali ya kwanta. Kowa ya san ma'anar wannan hutun. Malam ya ce ya ji ya yarda, ya tashi ya sa takalminsa. Da magariba ta yi sai ga shi a sahun farko bayan Malam Ila, yana gyara wa na kusa da shi tsayuwa.

A gida ne aka yi wuta. Inna ta yini tana buga tukwane.

"Limancin kaka da kakanni, ka bayar saboda tela. Mi za ni ce ma dangina?"

"Ki ce masu an rage mani aiki."

"Kai komi wasa ne."

Ta yi kuka a madafa, ina jinta, na kasa shiga. Aka sake fita roƙo, Malam Ila ya ja, Malam yana cikin sahu da rigarsa a juye. Kwana uku bayan haka hadari ya haɗo daga gabas aka kwana ana ruwa. Mutane suka ce ai ga shi nan, an cire abin da ya tare. Malam ya fito da safe ya dubi sama ya yi hamdala, ya ce dama ruwa aka roƙa ba liman ba, ya ɗauki sungumi.

A gona na same shi muna maye gurbin shukar da ta mutu. Yana sara ina jefa iri ina takewa. Muka kai ƙarshen kunya, na durƙusa na ce ni ne, bai aike ni ba, ƙarya na yi.

"Na gan ka. Jama'a nike huskanta ina huɗuba, ka manta?"

"To don mi ba ka hwaɗi ba, Malam?"

"Ni in an karɓe limanci, sallata tana nan. Kai in aka ce ka yi ƙarya a hilin roƙo, ga ka da amarya, ga sana'a sabuwa, da wace huska za ka zauna cikin mutane? Tausayin da ka ji ba laihi ba ne. Ƙaryar ita ce laihi, ka nemi gahwara. Ishaya kuwa ka gaya mashi da bakinka. Sauran mutane, kada ka hwaɗa ina raye."

Na gaya wa Ishaya a shago. Sati guda ba ya yi mini magana sai ta aiki, kuma wannan satin ya fi mini bulala ciwo. Da Asabar ta zo ya hau keke ya je garinmu, ya ce ya zo mayar da gona, tunda ta jawo wa Liman abin da ta jawo. Malam ya kama hannunsa ya zaga da shi bayan gida, inda geron da ya tsira ya miƙe ya yi shar.

"Duba nan. Mai ruwan bai tsallake gonarka ba. Ni wane ne da za ni karɓe ta?"

Inna ta aiko da tuwo a akushinsa. Ta dangwarar da shi da ƙarfi, amma ta aiko, har da man shanu. Hirar ranar kasuwa ta ci gaba kamar da, suna rabuwa a inda suka saba rabuwa, suna shan fura. Sai dai Ishaya bai daina kiransa Liman ba, ko sau ɗaya, ko a gaban wa. Limancin kuwa bai dawo gidanmu ba har yau.

Malam ya rasu bayan shekara huɗu, da rani, gab da bazara. Mutane suka yi yawa har ƙofar gida ta kasa ɗauka, aka kai shi filin Idi. Malam Ila ne ya sallace shi. Muna daidaita sahu na hango keke ya taso daga hanyar Dutsin-Ma. Ishaya ne, cikin kakin nan. Bai tambayi kowa ba. Ya jingine keke, ya wuce kai tsaye gindin gawo, daidai inda Malam ya taɓa tsayar da shi, ya cire hula ya miƙe tsaye. A wannan karon gawon ya cika da ganye, inuwa ta rufe shi. Na ji hannuna yana so ya je, na riƙe shi da ɗayan. Ya yi tasa addu'ar a can, muka yi tamu a nan, rana ɗaya, kamar yadda Malam ya ce.

Daga ranar nan alkawarin shiru ya sauka daga kaina, amma ban yi magana ba. Na ce sai an yi arba'in, na ce sai yara sun girma, na ce ai an manta. Ba a manta ba, tsoro ne kawai irin na bakin zauren mai gari. Ishaya ya koma ƙasarsu ya rasu a can, Malam Ila ya rasu, Inna ta rasu ba ta sani ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Saura ni. To ga shi na rubuta da hannuna. Duk wanda ya sake ce muku kakanku ya sa Kirista a sahu, kada ku yi faɗa da shi. Ku ce masa Malam a gindin gawo ya tsayar da baƙonsa, inda littafi ya ce. Wanda ya je ya jawo hannunsa ubanku ne.